Asalin Malam Abdurrahim, Wanda Ba Ya Cin Nama

Ban daɗe da zama a wurin aiki ba Usama, ɗan yayana, ya kira ni. Usama haifaffen Madina ne, kuma kamar sa'o'insa, da Hausa ake yi masa magana ya amsa da Larabci. Ranar nan da Hausa ya yi mini magana, a hankali, yana laluben kalmomi. "Baffa, Baba Hindi ya rasu. Za a yi masa salla a Harami bayan azahar." Na yi istirja'i, na tambaye shi ko mahaifinsa ya ji. Ya ce ya ji. Na ce me ya ce. Sai ya koma Larabci, ya ce mini yana tuƙi.

Malam Abdurrahim, wanda mutanen unguwannin Ƙurban da Jurf suka fi sani da Baba Hindi, ya cika bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba. Ya bar matarsa Hajiya Rabi da 'yarsu guda ɗaya, Safiyya. An sallace shi a masallacin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, an binne shi a Baƙi'a. Ni ba mai yawan magana ba ne, kuma ban taɓa rubuta irin wannan ga kowa ba, har da mahaifina. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata magana da na ji a bayana tun ba mu fita daga maƙabarta ba. Zan zo kanta. Na zaɓi Hausa don a karanta wa dattawanmu, domin a bakinsu maganar take yawo.

An haife shi a wani ƙauye na Punjab, a ƙasar Indiya, cikin mabiya addinin Sikh. Yana saurayi ya zo aikin gini a gabashin ƙasar nan, can ya musulunta, daga baya ya samu canjin kafili, wato ubangidan da ke tsaya wa baƙo a kan izinin zama, ya dawo Madina. Ya buɗe wani ɗan gidan abinci a Jurf, inda direbobi da ma'aikatan gonakin dabino suke cin gurasa da wake da adas, wani irin ƙanƙanin wake. Ya auri Hajiya Rabi, wadda iyayenta suka zo daga Damagaram, ita kuma aka haife ta a nan. A wurinta da wurin masu cin abincinsa ya koyi Hausa, Hausar Damagaram da harshen Indiya a kanta, amma ba ya rasa kalma idan yana son ya tsokane ka. Wannan shi ne abin da kowa ya sani. Abin da ba wanda ya sani a cikinmu shi ne su wane ne iyayensa.

Da ba don aure ba, da ba wanda zai damu. Usama ya ga Safiyya a asibitin da take aiki a ɗakin gwaje-gwaje, ya bi hanyar da ta dace, ya gaya wa mahaifiyarsa, ita kuma ta gaya wa Yaya Sani. Yayana mutum ne mai riƙon al'ada. Gidanmu, kamar gidaje da yawa na mutanenmu da suka zama 'yan ƙasa, yana da labarinsa: kakanmu yana cikin mayaƙan da suka ƙi zama ƙarƙashin Turawa, ya baro ƙasar Hausa a ƙafa, ya ratsa Sudan, ya ƙetare teku. Da wannan labarin aka raine mu. Gidan da yake da irin wannan labari ba ya neman aure sai ya tura an binciko asali.

Yaya ya kira ni gidansa a unguwar Ranuna, ya ce: "Tijjani, kai Baba ya tura Najeriya ka karanta tarihi, mu ya bar mu a kasuwa. To ga ranar karatunka. Ka gano mini mutumin nan ɗan su wane ne."

Na ce: "Yaya, Indiya ce fa. Ba Gwammaja ba ce da zan buga wa wani waya."

Ya ce: "Ko'ina akwai manya akwai ƙanana. Abu biyu nake son sani. Sana'ar ubansa, da kuma musuluncinsa, na gaske ne ko na neman iƙama, takardar zama. Ka san abin da ake faɗa."

Na sani. Mutumin ya yi shekaru masu yawa a tsakaninmu, ba wanda ya taɓa ganin ya kai nama bakinsa. Ba ya dafa shi a shagonsa. A walima shinkafa yake tsakura daga gefen faranti, inda romo bai kai ba. Kowace Layya yakan sayi rago, amma ba ya yanka da hannunsa, ba ya ma tsayawa a wurin. Yakan wakilta maƙwabci, ya fita, ba ya dawowa sai an wanke tsakar gida. Wasu 'yan Pakistan kuma sun gaya wa mutanenmu cewa a addinin Sikh an hana cin yankan Musulmi. Da na duba littattafai na tarar haka ne ga waɗanda suka ɗauki alkawarin addinin. Ban ji daɗin ganin haka ba, amma ban iya cire shi daga raina ba.

Ranar da na fara zuwa shagonsa na zaɓi lokacin da ba jama'a, na zauna na nemi adas. Shi da kansa ya kawo, ya ajiye, ya tsaya yana kallona.

"Ustaz, abinci ka zo ci ko asali ka zo tambaya? In duka biyun ne, fara da abincin. Shi ya riga ya dahu."

Na ce masa ban saba ɓoye abin da ya kawo ni ba. Ya ce ya sani, shi ya sa ya ji daɗi da ni aka turo. Daga nan ya zauna ya yi mini tambayoyi a kan Kano har aka kira la'asar, na tashi ban samu komai ba. Haka muka yi ta yi. Ina zuwa da tambaya, ina komawa da wani labarin dabam. Ya kasance yana zargin duk mai tambayar asali, ni kuma ina zargin duk mai ɓoye shi, kuma kowannenmu ya san halin da ɗan'uwansa yake ciki. Ban san lokacin da zuwan ya tashi daga aike ya zama zumunci ba.

A cikin wannan zuwa na ga abubuwan da nake son a tuna da shi da su. Duk ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci yakan kwashe kujeru da teburan shagon, ya shimfiɗa leda doguwa a ƙasa, ya ciyar da duk wanda ya shigo kyauta. Sharaɗinsa ɗaya ne, kowa ya zauna a sahu guda, inda ya tarar da gurbi. Na ga ranar da kafilinsa ya zo, wani dattijo mai mutunci, yaran shago suka ruga za su ɗauko masa kujera. Baba Hindi ya ce a mayar. Ya kama hannun dattijon yana yi masa barkwanci, ya zaunar da shi tsakanin wani mai sharar titi ɗan Bangladesh da wani makiyayi ɗan Chadi. Shi kuwa ba ya zama sai kowa ya ƙoshi. Yana zagayawa da bokitin adas, idan ka rufe kwanonka da hannu ya ce: "Ɗage hannunka, Alhaji, ba kai kake biya ba."

Ko wannan bai tsira daga zargi ba, domin na karanta cewa haka mabiya Sikh suke yi a wuraren ibadarsu tun zamanin wanda ya kafa addinin: girki ɗaya, sahu ɗaya, babba da ƙarami. Na tambaye shi kai tsaye. Bai musa ba. Ya ce: "A can na gani. Da na zo nan na ga shimfiɗun buɗa-baki a Harami, sai na ce ashe ba sai na bari ba." Ban taɓa jin ya zagi mutanen da ya baro ba. Idan wani ya fara, yakan ce: "Uwata a cikinsu ta mutu. Canza magana."

Abin da ya fi damuna shi ne labaransa ba sa haɗuwa. Direbobi 'yan Punjab na ɓangaren Pakistan, waɗanda yawancinsu 'yan ƙabilar Jat ne, manoma masu alfahari da jaruntaka, sun tabbatar mini nasu ne, domin ya taɓa gaya musu kakanninsa mayaƙa ne. Wani mai sayar da yadi, ɗan ƙasarsa, ya yi murmushi da na faɗa masa haka, ya ce in tambaye shi sunan zuriyarsa da sunan ƙauyensu, in ga ko zai amsa. Na tambaya. Baba Hindi ya ce ƙauyen ya canza suna, zuriya kuwa ya bar ta a filin jirgi.

Saboda shi na koma karatu a kan abin da ban taɓa karantawa ba a jami'a. Zan taƙaita abin da na fahimta, domin in ba shi ba, ba za a gane sauran maganar ba. A ƙasarsu ana haihuwar mutum cikin ɗabaƙa, ɗabaƙar ce ke yanke sana'arsa da wadda zai aura da wanda zai ci abinci tare da shi. Wanda ya kafa addinin Sikh ya yi wa'azi cewa wannan rabo ba shi da wata daraja a wurin Mahalicci. Amma shi da shugabannin da suka gaje shi duka daga ɗabaƙa ɗaya suka fito, ta 'yan kasuwa da marubuta, waɗanda suke danganta kansu ga sarakuna mayaƙa na zamanin da. Daga baya manoman Jat suka shigo da yawa, kuma da aka shiga zamanin yaƙe-yaƙe su suka fi yawa a cikin masu ɗaukar makami. Shugabansu na goma ya kafa 'yan'uwantaka ta mayaƙa, ya shayar da mutane biyar daga ɗabaƙu dabam-dabam a kwanon ƙarfe guda, cikinsu har da wanzami da mai ɗebo ruwa, ya ba su suna ɗaya, don asalin da ya shuɗe ya shuɗe. Wannan ita ce koyarwar. A ƙauyuka kuwa, masu gona sun ci gaba da zama masu gona, masu shara sun ci gaba da zama a bayan gari.

Na kai masa wannan duka, ina tsammanin zai yi gardama. Ya saurara yana tsince adas a tire. Ya ce littattafan ba su yi ƙarya ba. Sannan ya ce: "Ustaz, na yi rayuwata a garin da duk duniya take zuwa. Ɗan Punjab ya ce kakansa mayaƙi ne. Ɗan Afganistan haka, Ba'turke haka, ku ma haka. Har yau ban haɗu da jikan wanda ya ɗebi ruwa ya kai wa dawakin ba. Ko dai bai haihu ba?"

Na ce masa namu labarin sananne ne. Ya ce bai musa ba, tambaya kawai yake yi, a bakin wa muka ji. Na ce a bakin kakanmu. Ya ce to, shi ma nasa a bakinsa zan ji, idan ya ga dama. Na koma gida ina jin haushinsa. Ban daina yarda da labarin kakanmu ba, kuma ban zo nan don in rushe shi ba. Amma wanda ya karanta tarihi ya san matsayin labarin da shaidarsa ɗaya ce, kuma mai shaidar shi ne mai labarin.

Yaya Sani ya gaji da jira. Duk haɗuwarmu sai ya ce: "Malam mai bincike, an kai Indiya ko ana hanya?" Usama ya rame. Mahaifiyarsa ta fara kawo sunayen wasu 'yan mata. Ni kuwa abin da nake da shi bai wuce zato ba, kuma ba na kai zato a matsayin rahoto.

Sai ciwo ya kwantar da shi. Bayan an sallamo shi daga asibiti na je gidansa a Ƙurban da la'asar. Yana kwance a falo, an jingina shi da matasai, ya rame har gemunsa ya yi masa yawa. Daga wani gida a maƙwabta ƙanshin suya yana shigowa. Na ga ya juya fuskarsa bango, ya ce in rufe taga. Na rufe. Da na dawo na zauna sai ya ce:

"Ka ga abin da na yi yanzu? Rubuta shi a kanka, shi ne amsar yayanka."

Zan faɗi abin da ya gaya mini yadda na ji shi. Mutanensu masu shara ne. A ƙauyensu, idan saniya ko ɓauna ta mutu a gidan mai gona, mahaifinsa ake kira. Shi zai ja mushen zuwa bayan gari, ya feɗe, fatar ta zama ladansa. Tun yana ƙaramin yaro shi ke riƙe ƙafar dabbar. Ya ce warin yana shiga gashi, yana shiga tufafi, yana shiga gurasar da uwarsa take gasawa. A makaranta shi kaɗai yake zama a bakin ƙofa. A shekarun yunwa kuma, ya ce, akwai abin da suka ci wanda ba zai faɗa ba. Tun ranar da ya bar ƙauyen bai sake iya haɗiye nama ba. Ya gwada bayan ya musulunta, a Layyarsa ta farko, don ya san halal ne kuma sunna ce. Ya yi amai a gaban mutanen da suka karɓe shi, ya ji kunyar da bai manta ba.

Na ce: "To maganar mayaƙa fa, Baba? Ka gaya wa direbobi kakanninka mayaƙa ne."

Ya ce: "Ƙarya na yi? Tun zamanin shugabanni mutanenmu suke yaƙi. Da sarki ya sare kan shugaba na tara a babban birni, wa ya ɗauko kan ya kai wa ɗansa? Mai shara ne, namu. Ɗan ya rungume shi a gaban jama'a. Kakana soja ne, ya je yaƙi har ƙetaren teku. Ya dawo da lambar yabo a ƙirji, ya tsaya nesa da rijiyar gari yana jiran wani ya zuba masa ruwa a tafin hannu. Direbobi sun tambaye ni ko mu mayaƙa ne, na ce e. Ba su tambaye ni rijiya ba."

Labarin mai ɗauko kan shugaba na same shi a littattafai. Na kakansa da na mahaifinsa ba ni da wata shaida sai bakinsa.

Na ga inda maganar ta kai mu. Yaya tambaya biyu ya yi. Amsar da za ta wanke musuluncin mutumin nan ita ce za ta bayyana sana'ar ubansa. Kuma na san yayana. Na san abin da yake faɗa a kan auren mahauta da majema, mutanen da muke salla sahu ɗaya da su, muke cin yankansu, muke sa takalman da suka jeme fatarsu. Mai jan mushe kuwa, ban ma san inda zai ajiye shi ba.

Baba Hindi ya ga abin da nake tunani. Ya ce: "Shi ya sa na yi shiru. A ce ba na cin yankan Musulmi, wannan ni ya shafa, Allah ya san zuciyata. Ɗayar kuwa Safiyya za ta shafa. Rabi ta sani tun kafin aure, ta ce ita ba fata za ta aura ba. Yarinyar ma ta sani. Amma gari bai sani ba. Kada ka faɗa sai da izinin Safiyya."

Ban sake ganinsa a raye ba.

A Baƙi'a, bayan an mayar da ƙasa, mun juya za mu fita, sai na ji wani daga cikin mutanenmu yana gaya wa na kusa da shi, da murya ƙasa-ƙasa: "Allah dai ya sa da gaske ya shigo. Mutumin da bai taɓa cin yankanmu ba." Ɗayan ya ce: "Ai su ba sa bari gaba ɗaya." Ba zan faɗi sunayensu ba. Dukansu na sha ganinsu a shimfiɗar Juma'a. A zaman azza, wato zaman makoki, kwana ukun da aka jera kujeru a ƙofar gidansa, maganar ta ci gaba da zagayawa tare da kofunan gahawa. A rana ta uku da aka fito da farantan shinkafa da nama, wani ya ce yau dai nama ya shiga gidan Baba Hindi. Aka yi 'yar dariya, aka haɗiye ta.

Washegari na nemi izinin gaisawa da Hajiya Rabi. Tana takaba, don haka daga bayan labule muka yi magana, Safiyya tana tare da ita. Na gaya musu abin da marigayi ya gaya mini, da sharaɗin da ya gindaya, da abin da ake faɗa a waje. Na kuma gaya musu ra'ayina, cewa zan iya kai wa Yaya rahoton da ba ƙarya a cikinsa kuma bai cika ba: mutum ne musulmi na gari, kakansa soja, sauran ban iya tabbatarwa ba. Da wannan, a ganina, auren zai yiwu.

Hajiya Rabi ta ce: "Malam, ni na gaji. Ga mai maganar nan."

Safiyya ta fara da Larabci, sai ta tsaya, ta koma Hausa, tana ce mini Ammi, wato baffa. "Ammi, ya'ani in yi aure a kan a ci gaba da cewa babana munafuki ne? Ya yi shiru saboda ni yana da rai. Yanzu ma sai ya yi shiru saboda ni a kabari? La. Ka gaya wa Ammi Sani duka. Kakana mai jan mushe ne. Halas, shi ke nan."

Na ce ta yi tunanin Usama. Ta ce Usama ya sani, ita ta gaya masa tun farko. Sai a lokacin na gane dalilin ramarsa.

Na je Ranuna na kai rahotona. Ban rage komai ba, kuma na rarrabe masa abin da na samu a littattafai da abin da na ji a bakin marigayi kaɗai. Yaya ya daɗe yana juya carbinsa.

"Da ka ce ba ka gano komai ba, da ya fi mini sauƙi."

Na ce na sani.

"Kai ka yarda da shi? Mutumin da ya gaya wa wannan kaza, ya gaya wa wancan kaza?"

Na ce: "Yaya, na karanta asalin gidaje da yawa. Na ga inda aka ƙara sarki, na ga inda aka ƙara sharifi, na ga inda aka ƙara mayaƙi. Ban taɓa ganin wanda ya ƙirƙira wa ubansa jan mushe ba. Wannan shi ne dalilina, kuma ba ni da wani."

Ya ce Allah ya yafe mana zaton da muka yi wa musuluncinsa, kuma na ga maganar ta taɓa shi. Sannan ya ce zai yarda da auren a kan sharaɗi ɗaya, maganar ta tsaya tsakanin gidajen biyu. A ce kakan uban yarinya soja ne, a tsaya nan.

Na mayar wa Safiyya. Ta ce a gode wa Ammi Sani, amma ba za ta shiga gidan da za a ɓoye sunan kakanta a ƙarƙashin tabarma ba, kuma muddin aka ɓoye, zargin da ake yi wa mahaifinta yana nan. Ita ta ce in rubuta, a karanta a majalisu, a tura wa 'yan'uwa a Makka da Jidda. Ban ɗauki alƙalami ba sai da na koma na gaya wa Yaya cewa zan yi. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce na zaɓi bare a kan jinina. Na ce ban zaɓi kowa ba, aike aka yi mini, kuma wannan shi ne abin da na samo. Da na miƙe zan tafi ya ce, ba tare da ya dube ni ba: "In ka rubuta, ƙafata ba za ta taka gidan yarinyar ba. Ka je da kanka ka nema masa."

Na yi ta auna wannan magana. Ban san ko kora ce ko izini ba, kuma na san yayana sosai har ina zargin shi ma bai so in sani ba. Amma a al'adarmu uba ba ya zuwa neman wa ɗansa aure. Ƙanin uba ne ke zuwa. Idan Hajiya Rabi ta fita takaba, in Allah ya kai mu, zan ɗauki dattawa biyu in je Ƙurban in nema wa Usama auren Safiyya, 'yar Malam Abdurrahim, jikar mai jan mushe, tattaɓa-kunnen soja. Duk wanda zai raka ni ya riga ya ji.

Ga waɗanda suka yi magana a maƙabarta da wajen azza, ba na neman su da komai sai su nema wa kansu gafara, su yi wa mamacin addu'a. Sun ci abincinsa. Yanzu sun san abin da ya hana shi cin nasu.

Ya Allah, bawanka Abdurrahim ya baro ƙasarsa da danginsa, ya shaida babu abin bautawa sai Kai, ya rayu a maƙwabtan Manzonka, ya kwanta a cikin ƙasar da sahabbansa suke kwance. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata masa kabarinsa, ka tabbatar da shi wajen tambaya. Ka karɓi ciyarwar da ya yi, ka shayar da shi daga tafkin Annabinka, inda ba a tsayar da kowa a nesa. Ka ba Hajiya Rabi haƙuri da lafiya. Ka tsare Safiyya, ka saka mata da alheri a kan abin da ta yi wa mahaifinta, ka zaɓa mata abin da ya fi. Ka sanyaya zuciyar yayana, ka daidaita tsakaninmu. Ka yafe mana abin da muka zata da abin da muka faɗa, ka kyautata namu ƙarshen. Amin.